Shekara Shida Ana Jiran Baƙin Sama, Sai Ga Kare Mai Kai Biyu

Ranar Juma'a 25 ga Yulin 2008 gidajen silima na Amurka suka fara nuna fim ɗin The X-Files: I Want to Believe. Kafin Litinin ta zagayo lissafi ya fito, kuma bai yi wa kowa daɗi ba: kimanin dala miliyan 10 a kwana ukun farko, matsayi na huɗu a jerin finafinan makon. Shekara goma kafin nan, fim na farko da aka ciro daga shirin talabijin na The X-Files ya tara kusan dala miliyan 30 a kwana ukunsa na farko, ya ƙare da wajen miliyan 189 a duniya baki ɗaya. Na biyun da kyar ya kai miliyan 68. To amma ba kuɗin ne ya fi ci wa masoya shirin rai ba, tunda ba aljihunsu zai shiga ba. Abin da ya ƙona musu rai shi ne an ci bashinsu tun 2002, suka je silima da niyyar karɓa, aka sallame su da wani abu dabam.

Sai an san shirin kafin a gane girman bashin. The X-Files shiri ne mai dogon zango na ƙirƙirarren labarin kimiyya, wanda Chris Carter ya ƙirƙira, tashar Fox ta fara nunawa ranar 10 ga Satumban 1993. Labarin jami'an hukumar FBI ne guda biyu da aka ajiye a wani ofis na ƙarƙashin ƙasa, aka tara musu fayilolin da hankali ya kasa warwarewa. Fox Mulder, wanda David Duchovny ya fito a matsayinsa, ya yi imani cewa baƙin halittu daga sararin samaniya ne suka sace ƙanwarsa Samantha tun suna yara, kuma gwamnati ta san da maganar tana rufewa. Dana Scully, wato Gillian Anderson, likita ce da aka turo ta sa masa ido, ta riƙa auna duk abin da ya faɗa da ma'aunin kimiyya. Shi ya ce aljani ne, ita ta ce a kawo gawar a fede tukuna.

Shirin yana tafiya ne da ƙafa biyu. A mafi yawan makonni labari ne mai cin gashin kansa: wani dodo ko wani mai baiwar tsiya ya bayyana a wani ƙauye, a bi sawunsa, a gama da shi cikin minti arba'in da 'yan kai. Irin su Eugene Tooms ke nan, mutumin da yake miƙa jikinsa ya shige ta bututun iska ya cinye hantar mutane. Ƙafa ta biyu kuwa doguwar igiya ce da aka ja tun daga zangon farko: wata ƙungiyar dattawa masu iko da ta ƙulla yarjejeniya a asirce da baƙin halittu kan mamaye duniya, da wani baƙin mai da yake shiga jikin mutum ya bayyana a idonsa, da ƙudan zuma masu ɗauke da cuta, da wani mugun tsoho da ba a rabuwa da shi da taba sigari, wanda William B. Davis ya yi. Wannan igiya ita ta ɗaure mutane. Ita suke kwana suna warwara, suna haɗa maganar da aka yi a zango na biyu da wadda aka yi a na biyar. A Janairun 1997 kashi guda na shirin ya samu masu kallo sama da miliyan 29 a Amurka kaɗai.

Akwai wata igiyar kuma, wadda marubutan ba su yi niyyar ja ba da farko. Masoya shirin, waɗanda suke cikin rukunin farko na masu kallon talabijin da suka mayar da intanet majalisarsu, sun rabu gida biyu tun da wuri. Wasu na son a haɗa Mulder da Scully a soyayya, wasu na cewa da zarar an yi haka shirin ya mutu, don armashinsa shi ne mace da namiji masu mutunta juna ba tare da an shigo da zancen zuciya ba. Carter ya daɗe yana wasa da ɓangarorin biyu. A fim ɗin 1998 ya kawo su gab da sumbatar juna a wani lungun bene, sai zuma ta harbi Scully a wuya ta zube. Masu son a haɗa su ba su yafe wa zumar nan ba har yau.

Daga zango na takwas abubuwa suka fara sanyi. Duchovny ya ja da baya, aka shigo da Robert Patrick da Annabeth Gish a matsayin sababbin jami'ai, masu kallo suka riƙa zarewa. Ranar 19 ga Mayun 2002 aka rufe shirin bayan zango tara da kashi 202. A kashin ƙarshe kotun soja ta yanke wa Mulder hukuncin kisa, abokansa suka fitar da shi, ya gudu tare da Scully. Ɗansu William kuwa an riga an bayar da shi riƙo ga wasu mutane don a ɓoye shi. Sannan aka faɗi abin da kowa ya riƙe: ranar da baƙin halittu za su mamaye duniya ita ce 22 ga Disamban 2012. Duk wanda ya taɓa bin shiri irin Labarina ko Daɗin Kowa mako-mako ya san cewa idan aka yanke labari a irin wannan gaɓa, mai kallo alkawari yake ɗaukarsa.

Aka shiga jira. Maganar fim na biyu ta yi ta tashi tana kwanciya, musamman saboda ƙarar da Carter ya shigar kan kamfanin Fox game da rabon kuɗin sake nuna shirin. Da aka sasanta, sai ga yajin aikin marubutan Hollywood yana tahowa, wanda ya fara a Nuwamban 2007. Dole Carter da abokin rubutunsa Frank Spotnitz suka kammala labari kafin a rufe ƙofa, aka fara ɗauka a Disamba a Vancouver da kewayenta a Kanada, inda aka yi zanguna biyar na farko. Kasafin kuɗin dala miliyan 30 ne, ƙasa da rabin na fim ɗin farko. An ɓoye labarin ƙwarai, har ana ɗaukar fim ɗin da sunan bogi. Masu shirin sun faɗa tun da wuri cewa labari ne mai zaman kansa, ba na mamayar duniya ba. An ji su, amma rufa-rufar ta sa mutane da yawa suka ɗauka akwai wani babban abu da ake tanadar musu.

Ga abin da suka tarar. Fim ɗin ya buɗe da jerin jami'an FBI a wani fili da dusar ƙanƙara ta lulluɓe a jihar West Virginia, kowa da sanda yana tsokanar ƙasa, wani tsoho mai farin gashi buzu-buzu yana gudu a gabansu har ya durƙusa ya tono hannun mutum da aka yanke. Tsohon shi ne Fada Joe, wanda ɗan wasan barkwancin nan na Scotland Billy Connolly ya fito a matsayinsa, limamin cocin Katolika da aka tuɓe saboda lalata da yaran da ke hidima a coci, yanzu kuma yake cewa ana nuna masa wahayi game da wata jami'ar FBI da ta ɓata. Hukumar ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta aika a nemo Mulder, da alkawarin za a yafe masa komai. Hukuncin kisan da aka rufe shiri na shekara tara da shi, da jimla biyu aka share shi.

Mulder yana zaune a wani gida a bayan gari, ya tara gemu, yana yanke labarai daga jaridu yana liƙawa a bango. Scully ta koma aikin likita a wani asibitin Katolika, tana fama da wani yaro mai suna Christian da ke fama da cutar Sandhoff, mai lalata ƙwaƙwalwa, shugabannin asibitin kuma suna so a bar shi ya cika cikin salama. Binciken ya kai ga wani gidan gona inda likitocin Rasha ke sace mata masu rukunin jini guda, suna dasa kan wani mara lafiya a gangar jikinsu don ya ci gaba da rayuwa. A tsakar gidan akwai kare mai kai biyu. Wannan ma ba daga iska aka ɗauko shi ba, domin masanin Tarayyar Sobiyet Vladimir Demikhov ya yi irin wannan dashe a kan karnuka a shekarun 1950. Baƙin halittu kuwa ko inuwarsu. Babu mai taba sigari, babu jami'an nan biyu da suka riƙe zangunan ƙarshe, babu maganar 2012. William an ambace shi ne a wata gajeriyar hira cikin dare. Walter Skinner, shugabansu da masoya ke ji da shi, sai can wajen ƙarshe ya leƙo.

Waɗanda suka fi jin zafi su ne mabiya doguwar igiyar. Kukansu mai sauƙin fahimta ne: saura shekara huɗu duniya ta tashi a cikin labarin, Mulder ya san ranar, amma an nuna shi yana bin sawun mota a cikin ƙanƙara kamar ba abin da ke gabansa. Maganar da ta fi yawo a bakinsu ita ce wannan ai kashi ne na talabijin aka ja shi ya yi tsawo, kuma ba ma cikin masu kyau ba. Wasu suka ce ko da dodo za a yi, ai shirin ya saba kawo dodon da zai hana mutum barci, ba masu satar sassan jiki da kowane shirin 'yan sanda zai iya kawowa ba. An kuma yi ta dariyar wani wuri da aka nuna Scully, likitar da za ta yi wa yaro aikin ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin halitta na tushe, ta zauna gaban kwamfuta tana neman bayanin aikin a Google. Matar da 'yan mata da yawa suka ce ita ta ja su zuwa karatun kimiyya, ita ce aka mayar haka.

Masu son soyayyar su ne ya kamata su fita da murna, don an nuna musu abin da suka shekara goma sha biyar suna roƙo: Mulder da Scully gida ɗaya, ɗaki ɗaya, tana yi masa ƙorafin gemunsa yana sukarta. Da yawansu sun ji daɗi kuwa, har yau su ne masu kare fim ɗin. Sai dai wasu sun lura cewa an ba su ƙarshen labari ba tare da tsakiyarsa ba. Yadda aka yi suka zama haka, ba a nuna ba. Abin da aka nuna shi ne mutum biyu da suka gaji, rabin fim ɗin ba sa wuri ɗaya, ita tana asibiti shi yana daji, tana ce masa idan ya koma cikin duhun nan ba za ta dawo gida ba. Alhali gishirin shirin tun farko shi ne a ga su biyun tsaye kan gawa ɗaya da tocila suna musu.

Masu sharhin finafinai mafi yawansu sun kushe shi. Fitaccen mai sharhi Roger Ebert yana cikin 'yan kaɗan da suka yaba, ya ba shi tauraro uku da rabi cikin huɗu. Kuma gaskiya fim ɗin ba shara ba ne. Tambayar da ke cikinsa mai nauyi ce: shin Allah zai iya magana ta bakin mutumin da ya aikata mafi munin laifi? Scully, mai riƙo da addininta, ba ta iya ko kallon Fada Joe ba tare da ƙyama ba, amma kalmar da ya jefa mata ta kada ta karaya ita take riƙewa a kan yaron da take jinya. Connolly ya yi wasa mai ratsa jiki, Anderson ma haka. Da a ce a zango na huɗu aka saka wannan labari wani daren Lahadi, da an yaba an wuce. Laifinsa shi ne wurin da ya tsaya: shi kaɗai ne abin da aka samu cikin shekara shida, don haka aka ɗora masa kayan da ba a gina shi don ɗauka ba.

Hujjar Carter da Spotnitz ita ce suna son fim ɗin da wanda bai taɓa ganin shirin ba zai shiga ya fahimta. A takarda dabara ce mai kyau, don igiyar ta riga ta cukurkuɗe har tsofaffin masoya ma suna ɓata a ciki. A aikace kuwa biyu babu aka yi. Baƙon da aka yi wa shara da shimfiɗa bai zo ba. Mako guda kafin nan aka saki The Dark Knight, fim ɗin Batman na Christopher Nolan, wanda a ƙarshen makonsa na biyu kaɗai ya tara kusan dala miliyan 75. Matashin da ke da kuɗin tikiti ɗaya a tsakiyar bazara ba zai bar wannan ya shiga kallon fim mai sanyi da jimami game da mutum biyu masu matsakaicin shekaru da bai san tarihinsu ba. Wanda ya san tarihin kuma an cire masa abin da ya zo nema.

Zamani ma ya juya. Shirin ɗan shekarun 1990 ne, lokacin da yaƙin cacar baka ya ƙare, Amurkawa suka samu sararin zargin gwamnatinsu don nishaɗi. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 da yaƙin Iraƙi, tsoro ya sauya kama, shirye-shirye irin su Lost kuma suka gaji salon doguwar igiya suka ja sababbin masu kallo. Fim ɗin ya taɓa wannan sau ɗaya tak, cikin raha: Mulder da Scully suna tsaye a barandar hedkwatar FBI, kyamara ta sauka kan hoton Shugaba George W. Bush a bango, sai aka saki ɗan fiton nan na kiɗan shirin da Mark Snow ya tsara.

Abin da ya fi sa lamarin ɗaci shi ne masu shirin sun fito fili sun ce idan wannan ya yi kasuwa, fim na uku zai koma kan mamayar 2012. Wato an jinginar da cikon labarin ga cinikin wani labari da ba shi aka nema ba. Nan masoya suka shiga tsaka mai wuya. Wanda ya kushe fim ɗin a fili yana jin kamar yana taya rufe ƙofar na uku, wanda ya yi shiru kuma yana haɗiye abin da bai gamsu da shi ba. Shi ya sa muhawararsu ta fi zafi a tsakaninsu fiye da kan kamfanin: wannan ya ce wancan ba masoyin gaskiya ba ne, wancan ya ce wannan ko me aka ba shi zai karɓa. A lissafin 'yan kasuwa fim ɗin bai yi asarar a-zo-a-gani ba, tunda ya ninka kasafinsa, amma bai kai yadda Fox za ta sake zuba kuɗin da labarin mamayar duniya ke buƙata ba.

Ba su kaɗai suka taɓa shiga wannan hali ba. Star Trek: Nemesis na 2002 ya rufe tafiyar taurarin The Next Generation da ciniki mara kyau da mutuwar Data, ɗaya daga cikin jaruman labarin, wadda masoya da yawa suka ga an yi ta ba gaira ba dalili. Serenity na 2005, cigaban shirin Firefly da aka soke tun bai gama zango ɗaya ba, akasin haka ne: masoya sun rungume shi duk da an kashe musu mutum biyu da suke so, amma da kyar ya mayar da kuɗin da aka kashe. Bambancin shi ne Serenity ya amsa babbar tambayar da shirinsa ya bari a buɗe, don haka ko da kasuwa ta ƙi shi, masoya ba su ji an yaudare su ba.

Masoya The X-Files ba su watse ba. Shekara da shekaru suna aika wa Fox wasiƙu da katuna, suna gangami a Twitter da Facebook, suna neman fim na uku kafin ranar ta zo. Ranar 22 ga Disamban 2012 ta zo ta wuce, ba fim, ba sanarwa. A 2013 kamfanin IDW ya fara buga cigaban labarin a littattafan zane. Sai a Janairun 2016 shirin ya dawo talabijin da kashi shida, kashin farko ya ja masu kallo kusan miliyan 16, abin da ya nuna cewa mutanen suna nan tun da can, silima ce kawai ba su je ba. A lokacin ne Gillian Anderson ta bayyana cewa da farko rabin kuɗin Duchovny aka yi mata tayi, sai da ta tsaya kai da fata aka daidaita.

Dawowar ba ta biya bashin ba, ta ma ƙara wani a kai. An buɗe da cewa Mulder da Scully sun rabu, sannan aka ce wai mamayar da aka shekara tara ana ginawa wataƙila yaudara ce, mutane ne ke amfani da fasahar baƙin halittu don danne 'yan'uwansu. A zango na 11, cikin Janairun 2018, mai taba sigari ya yi iƙirarin cewa shi ne ainihin uban William, ta hanyar wani aikin kimiyya da ya yi wa Scully ba da saninta ba. Fushin da wannan ya tayar ya shafe na 2008 nesa ba kusa ba, masu kallo suka ragu zuwa kusan miliyan 5 tun a kashin farko, Anderson kuma ta ce daga wannan zango ta gama. Kashin da aka fi yabo a dawowar, wanda Darin Morgan ya rubuta game da wani dodo mai kama da ƙadangare da mutum ya ciza har ya riƙa rikiɗa yana zama ɗan Adam mai neman aiki, labari ne mai zaman kansa, irin dai wanda aka ƙi a silima.

Bayan wannan ne wasu masoya suka koma suka sake kallon fim ɗin 2008 da sanyin zuciya, suka ce ashe a can ne aka bar Mulder da Scully a wuri mafi mutunci. A 2025 Carter ya ce an ba shi damar sake tace fim ɗin, yana mai cewa ainihin abin da ya ɗauka ya fi ban tsoro, an rage shi ne don a samu izinin nuna wa 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Kamfanin Disney, wanda ya mallaki shirin tun da ya sayi ɓangaren finafinai da shirye-shiryen Fox a 2019, ya miƙa aikin sabunta The X-Files ga Ryan Coogler, daraktan Black Panther.